Kafin a Zauna Jarrabawar Zama Lauya a Najeriya

 

Iyaye da yawa suna ɗauka cewa da zarar yaro ya karɓi digirin shari'a ya zama lauya. Ba haka dokar ƙasar nan ta tsara ba, kuma rashin sanin hakan ya jefa gidaje da dama cikin baƙin ciki.

A zamanin mulkin mallaka, mai son aikin lauya yakan tafi Landan. Can aka rantsar da Christopher Sapara Williams a 1879, ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan matsayi. Amma wanda ya yi karatu a Ingila yakan dawo bai san dokokin gargajiya ba, bai san shari'ar Musulunci ba, bai san yadda ake mallakar ƙasa a nan ba. Domin toshe wannan giɓi aka yi dokar ilimin shari'a ta 1962, aka kafa Majalisar Kula da Ilimin Shari'a da Makarantar Horar da Lauyoyi. Makarantar ta buɗe a Legas a 1963 da ɗalibai 8. Yau hedikwatarta tana Bwari, tana kuma da rassa, har da na Bagauda da na Yola.

Sharaɗi na farko shi ne digiri, wanda yakan ɗauki shekara 5, daga tsangayar da Hukumar Kula da Jami'o'i da ita Majalisar duka suka amince da ita. Dole ɗalibi ya ci darussa irin su tsarin mulki, dokar laifuka, yarjejeniya, dokar mallakar ƙasa da dokar shaida. Wanda ya yi karatu a waje sai ya fara cin zangon farko na makarantar, inda zai koyi dokokin gida. Daga nan kowa zai yi kusan shekara guda yana koyon gudanar da ƙara, rubuta takardun filaye da na kamfanoni, da ɗa'ar aiki, ya kuma zauna a kotu da ofishin lauyoyi yana ganin aikin da idonsa. Sai jarrabawar ƙarshe. Ko ya ci, majalisar dattawan lauyoyi za ta duba halinsa kafin ta rantsar da shi, sannan a sa sunansa a kundin Kotun Ƙoli.

Ga inda gizo ke saƙa. Majalisar Kula da Ilimin Shari'a tana yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakin karatunta. Wasu jami'o'in sukan zarce adadin saboda kuɗin makaranta. Sakamakon haka, yaro ya gama digiri lafiya lau, amma ya zauna gida shekara da shekaru yana jiran gurbi a Makarantar Horar da Lauyoyi, uban da ya sayar da gona yana kallonsa. Wannan zalunci ne, domin yaron bai yi laifin komai ba.

Ba na goyon bayan a sassauta sharuɗɗan. Lauya yana riƙe da dukiyar marayu da 'yancin wanda ake tuhuma, don haka tilas a tace shi sosai. Abin da nake nema shi ne jami'o'i su tsaya kan adadinsu, Majalisar kuma ta riƙa hukunta masu saɓawa da wuri.

Ku kuma iyaye, kafin ku biya ko kwabo, ku tambaya: Majalisar ta amince da wannan tsangaya? Ɗalibai nawa aka yarje mata, nawa ta ɗauka? Idan an kasa ba ku amsa, ku nemi wata jami'ar.