Jawabi Ga Iyayen Yaran Rabin Aji Kan Shigowar Damina

Kamar yadda muka saba a ƙarshen kowane zangon karatu, mun tara ku ne don mu yi magana kan lokacin da muke shiga. Zafin bazara ya wuce, hadari ya fara haɗowa, yara kuma za su tafi dogon hutu, wato za su bar hannunmu su koma naku.

Maganar farko ita ce ta ruwa. Mu mutanen Gwange ba labari aka ba mu ba. Daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo mana har ɗaka. Manyanmu sun ga irinta a 1994. To, wanda ya ga jiya ba ya wasa da yau. Don Allah kada a bar ƙaramin yaro ya bi yayyensa zuwa bakin kogi, ko wasa a kwata bayan an ɗauke ruwa. A yashe magudanar ƙofar gida. Takardar haihuwa da katin rigakafi a ƙulle su a leda, a rataye sama, domin da yawa cikinmu ruwa ya cinye musu nasu, sai da suka sha wuya wajen sake samu.

Akwai kuma abin da muke gani a aji. Wasu yaran da suka ga wancan ruwa, da an yi tsawa sai su fashe da kuka, su maƙale wa malama. Ba shagwaɓa ba ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A jawo yaro jiki a lallashe shi, ban da tsawa, ban da duka.

Ta biyu, zazzaɓin cizon sauro. A watannin damina ma'aikatan lafiya kan bi gida gida da maganin rigakafi na yara daga wata 3 zuwa wata 59. Kowane wata kwana uku ake sha: ranar farko a gabansu, sauran biyun uwa ce za ta ba yaro. Nan ake samun sakaci. Uwa, kada ki ce ai lafiyarsa ƙalau, ki ajiye maganin a kan kwabet. Mai lafiyar ake ba, don kada ya kwanta. A riƙa kwana cikin gidan sauro. In gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti, kada a jira sai maigida ya dawo kasuwa.

Ta uku ta shafe mu musamman, mu da asalinmu ke Kano, Katsina, Haɗeja ko Sakkwato. Hutu lokacin ganin gida ne, zumunci kuwa a ƙafa yake. Amma a tafi da katin yaro, don can ma ana raba wannan magani. Sannan a dawo kafin a buɗe makaranta a watan Satumba. Duk shekara mukan sami yaron da kaka ta riƙe sai bayan girbi. Ya dawo ya tarar 'yan ajinsa sun yi nisa, baƙaƙen da ya iya sun gudu, mu koma da shi farko. A ba kakanni haƙuri.

A lokacin hutu a riƙa yi musu tatsuniya, a sa su ƙirga tumatir ko 'ya'yan carbi, a bar su su yi zane a ƙasa. Wannan ma karatu ne, ba ya cin ko kwabo.

In Allah Ya kai mu hunturu, za mu sake zama kan mura da rigar sanyi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin ruwa, Ya raya mana zuriya. Wassalamu alaikum.