Kafin Ka Sayi Motar Ɗaukar Doki

Shirinmu na yau na masu doki ne, musamman na ƙasar Rogo, tun daga Zarewa da Fulatan har Beli da Gwangwan.

A da, in an gayyaci mutum hawa, da asuba zai ɗaura sirdi ya kama hanya, doki ya kai kansa da ƙafarsa. Yanzu a mota ake kai shi: hawan sallah a fadar Karaye, wadda tun 2024 masarautarta ta ƙunshi Karaye da Rogo, ko hawan angwanci a Maƙarfi, ko sukuwa a Kano. Kuɗin haya yana taruwa, har mai barga ya fara tunanin mallakar tasa. To, Alhaji, kafin ka ƙirga kuɗi ka miƙa, ba ni aron kunnenka.

A Ingila da Amurka akwai tirela ta musamman da ake ɗaura wa mota a baya. In ka ci karo da irinta ta hannu, ka yi lissafi: ita kaɗai mai cin doki biyu takan kai kusan tan ɗaya, dokinmu kuma yakan yi kilo 300 zuwa 400. Ƙaramar mota ba za ta iya tsayar da wannan nauyi a gangara ba, sai in tirelar tana da birkinta. Mafi yawanmu dai Kanta za mu saya, ko a-kori-kura, mu kai wa mai walda ya gyara bayanta.

Ko wacce ka zaɓa, ka tuna cewa doki a tsaye yake tafiyar nan tun daga farko har ƙarshe. Ka ɗauka kai ne aka tsayar a bayan mota, aka ɗaure maka hannu, direba yana taka birki yana kauce wa ramuka. Haka yake fama, da ƙafafu huɗu kawai yake riƙe kansa.

Saboda haka daɓen motar za ka fara dubawa, fenti ya jira. Ɗaga shimfiɗar roba in akwai, ka sa sukundireba ka caka katakon, musamman ta baya inda fitsari ke taruwa. In ya nutse, katako ya ruɓe. Ka durƙusa, kai, ka kwanta ma in ta kama, ka leƙa ƙarafan da ke ƙasa da tocila, ka ga ko tsatsa ta cinye su. Daɓe in ya ɓurma mota tana gudu, ƙafar doki kwalta za ta taɓa, kuma karayar ƙafa a doki da wuya ta ɗoru. In daɓen ƙarfe ne, kofato zai riƙa zamewa a kai. A shimfiɗa roba mai kauri, a zuba yashi ko ɓuntun shinkafa.

Sai tsayi. In akwai rufi, kada ya gaza mita biyu da ɗan ɗori, kuma a bar tagogin iska ta sama. Ka duba inda salansa ke fitar da hayaƙi, kada ya riƙa komawa ciki. Ka shafa bangon da tafin hannunka. Duk inda walda ta karce ka, za ta yanki dokin. Ingarma biyu kuwa ba a haɗa su sai da shinge mai ƙarfi a tsakani.

Wurin hawa ma abin dubawa ne. Na sha ganin ana jingina mota da tudu, ana jan doki ta gaba ana tsula masa bulala ta baya. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, don dokin da aka tsorata rana ɗaya ya dinga gardamar mota ke nan. A yi ƙofar baya mai saukowa ƙasa, a buga mata katakai a gicciye don kofato ya samu abin kamawa.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Da ragama ake ɗaure doki a mota, ba da linzami ba, kuma a sassauta igiyar yadda zai iya sunkuyar da kai. Da sunkuyon nan yake fitar da ƙura da majina daga maƙogwaro. In aka ɗage masa kai na sa'o'i masu yawa, sai dattin ya gangara huhu. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai ka ga zazzaɓi da tari, ya ƙi cin harawa. In ka ga haka, nemi likitan dabbobi a ranar. A doguwar tafiya, duk bayan awa huɗu a tsaya a ba shi ruwa, a lokacin bazara kuma a tashi da sassafe.

Kada ka manta da taya, ita ma tana da shekarun haihuwa. A jikinta akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ta haura shekara shida, canza ta, ko da zanenta bai cinye ba.

In kuma hawanka bai wuce na sallah biyu da 'yan bukukuwa ba, shawarata ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi guda. Sai dai ku yi sharaɗi tun farko: duk wanda ya yi amfani da ita ya kwashe kashin, ya wanke ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya bar ta ta bushe kafin dokin wani ya shiga.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.