Nasiha Ga Masu Fita Neman Digiri Na Biyu A Fannin Aƙida

 Ya 'yan'uwa ɗalibai, an nemi mu yi tsokaci a kan fita waje domin karatun Majistir a fannin Aƙida da Usuluddini.

Tafiya neman ilmi gado ne. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) ya yi tafiyar wata guda domin hadisi ɗaya tak. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, shi ma ya je Bakhtur Ruda a Sudan ya yi karatu. Saboda haka ba mu hana kowa fita ba. Abin da muke tsoro shi ne fita ba shiri.

Da yawa suna zaton Majistir ci gaban zaman aji ne kawai. A'a. A Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, da takwarorinta, ɗalibi yakan fara da darussa da jarrabawa, sannan ya gabatar da tsarin bincikensa, a naɗa masa malami mai duba shi. Daga nan sai a bar shi da littattafai. Wani za a ba shi tsohon rubutun hannu ya gwama kofe-kofensa, ya fitar da hadisansa ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana ingantacce da mai rauni. A ƙarshe ya zauna gaban malamai a bainar jama'a, su yi wa risalar filla-filla. Wanda Nahawunsa da Sarfunsa ba su nuna ba, a nan asirinsa yake tonuwa. Kuma fannin Aƙida ya fi haɗari, domin dole ya karanta hujjojin Mu'utazilawa da Jahamiyya da masana falsafa daga littattafansu. Wanda bai ƙoshi da Ƙur'ani da Sunna bisa fahimtar magabata ba, sai ya je kawar da shubuha ya dawo ɗauke da ita.

Sai batun iyali, wanda ake jin nauyin faɗa. Mun ga wanda ya tafi ya bar mata da 'ya'ya uku a wuyan mahaifinsa tsoho, babu ci babu sha, yana cewa ya tafi fisabilillahi. Ciyarwa wajibi ce a kansa, digiri kuwa ba wajibi ba ne. Ya tanadi abin da zai riƙe gida, kuma ya nemi yardar matar tun kafin ya nemi biza.

A duba halin ƙasar da za a je. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu 2023, ɗalibanmu na Jami'ar Afirka da sauran makarantu sun fito a motocin safa, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Port Sudan, karatu ya tsaya cak. Don haka kowa ya ajiye kofen takardunsa da na bincikensa a gida. Wanda kuma aljihunsa bai kai nesa ba, ga Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, ga Bayero a Kano, ga Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Takardar shaidar hali da ake nema daga malamai, muna roƙon shugabannin rassa kada su sa hannu ga wanda ba su sani ba, domin shaida ce da za a tambaye su a kanta gobe Ƙiyama.