Gyaran Manhaja da Shigar Hausawa Wasannin Tarihi na Kwamfuta



Duk wanda ya san Maƙera, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, ya san ma'anar sunan: wurin da ake mayar da ƙarfe wuta idan ya dakushe. Haka masu ƙirar wasannin kwamfuta suke yi. Bayan an sayar da wasa, sukan aiko da gyara ta intanet, wasan ya sake kaifi a hannun mai shi.

Gyaran iri biyu ne. Na farko shi ne daidaita ƙarfi. Idan aka lura rundunar wata ƙasa tana cin kowane yaƙi ba tare da dabara ba, sai a rage mata ƙarfi ko a tsadance ta, domin wasan da aka san mai cinsa tun farko ba wasa ba ne. Na biyu shi ne ƙarin al'ummu, kuma a nan ne maganar ta shafi Bahaushe.

Wasan Age of Empires III ya fito a 2005 da ƙasashe takwas: bakwai na Turawa, sai Daular Usmaniyya. Sai a watan Agustan 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa. Sarauniya Amina ta Zazzau ce jagora, Kano ce cibiya. Akwai barade 'yan lifidi da maharban Fulani, ana kiwon shanu a sayar a kasuwa, mayaƙa kuma suna amsa umarni da Hausa. Wannan ya sauya dabarun wasan, don tilas abokin gaba ya koyi yadda ake tarar doki mai lifidi. A 2025 kuma Amina ta fito cikin shugabannin Civilization VII.

To, amma akwai abin lura. Tarihin Kano ya sanya Amina a ƙarni na 15, wasu masana kuwa sun kai ta na 16. Wasa ba ya ɗaukar irin wannan saɓani. Ra'ayi ɗaya yake zaɓa ya wuce. Yaron Maƙera ko Kakuri da ya fara sanin Amina a allon kwamfuta zai ɗauka abin da ya gani shi ne tarihi.

Sa'ar da aka yi ita ce, abin da ake gyarawa kullum ana iya gyara kuskurensa. Saboda haka wajibi ne malaman Hausa da na tarihi su duba waɗannan wasanni, su rubuta wa masu ƙirarsu, su kuma tarbi ɗalibi daga inda wasan ya ajiye shi.