Ƙazuwa da Shimfiɗarmu

Jama'ar Zuru, da ku mutanen Dabai da Danko da Wasagu, yau zancenmu a kan ƙazuwa ne, ƙurajen nan masu ƙaiƙayi da kan fito tsakanin yatsu da wuyan hannu da hammata da gindin cibiya, su hana mutum barci.

Waɗansu sukan ce lalacewar jini ce, waɗansu su ce sammu ne. Ba haka ba ne. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda bai kai rabin milimita ba. Tun shekarar 1687 waɗansu masana biyu a ƙasar Italiya suka gan shi da madubin likita. Macen ita ke haƙa rami cikin fata, tana saka ƙwai 2 ko 3 kowace rana. Mutum yakan yi mako 4 zuwa 6 da ita kafin ya fara susa, alhali kuwa yana ta raba wa iyalinsa.

Yawanci da gogar jiki ake ɗauka. Amma ƙwaron yana iya kwana 2 ko 3 da rai a tabarma ko katifa ko kujera, yana jiran wani. Saboda haka ku lura da hunturu, da lokacin Uhola, sa'ad da baƙi ke cika gida, ana kwana a shimfiɗa ɗaya.

Kada ku raina ta. In yaro ya sosa har ya yi gyambo, gyambon yana iya jawo masa ciwon ƙoda. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

To, ga abin yi. Mai gida ya tafi asibiti, a ba shi man shafawa. Kowa a gidan ya shafa a dare ɗaya, daga wuya har tafin ƙafa, ko da wanda bai fara susa ba, gama wanda aka bari shi zai komo da ita. Jariri kuwa, sai yadda likita ya ce. Da safe a wanke tufafi da mayafai da ruwan zafi, a shanya a rana. Tabarma da katifa a keɓe su kwana 3, kada kowa ya hau. Bayan mako guda a sāke shafawa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Ku huta lafiya.