Haƙƙin Wanda Aka Haifa Da Ciwon Zuciya A Kan Danginsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu saurare a Difa da Baruwa da garuruwan bakin Komadugu, wa'azinmu na yau yana kan wani majinyaci da ake yawan zalunta cikin rashin sani.

Cikin jarirai ɗari, kusan guda ana haihuwarsa da tawaya a zuciya: ko huda a bangon da ya raba ɗakunanta, ko ƙuncin wata mashigar jini. Waɗansunsu sukan girma har su yi aure da ita. Sai ka ga saurayi ya shiga gonar tattasai, bai kai rabin kunya ba yana haki, leɓɓansa sun yi duhu, ƙafafunsa sun kumbura. Gida su ce rago ne, maƙwabta su ce sammu ne. Wannan zalunci ne na harshe, kuma za a tambaye mu a kansa.

Ku sani, Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwamen azumi. Wanda leɓɓansa ke duhu, ƙishirwa tana kaurara jininsa har ya iya daskarewa. Mai shan maganin fitar da ruwa kuwa yana iya galabaita kafin la'asar. In likita amintacce ya ce ya sha, to ya sha, kada a kunyata shi. In cutar ba ta warkewa ba ce, ya ciyar da miskini a madadin kowace rana in yana da hali.

Mutanen Baruwa, da suka bar gida a 2015 suka fara komawa a Yunin 2021, sun san nauyin tafiya ba guzuri. Daga babban asibitin Difa akan tura majinyaci Damagaram, ko Yamai mai nisan fiye da kilomita 1,300, domin hoton zuciya ko tiyata. Kada a bar shi shi kaɗai. Dangi su haɗa kuɗin mota, a ba shi ɗan rakiya, a kula da iyalinsa. In talaka ne, ya cancanci zakka.

Ku kuma mazaje, ɗaukar ciki yana ƙara wa zuciya nauyi. In matarka tana da wannan larura, ku ga likita tun kafin ciki, ta haihu a asibiti, kuma kada ciwonta ya zama dalilin saki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya karɓi ibadarmu. Amin.