GUBAR DALMA: Abin Da Likitoci Suka Gano A Ƙasar Anka

Wannan shi ne jawabin da magatakardan reshenmu na Talata Mafara ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa na Mafara da Bakura da Maradun. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su sami halarta ba.

Dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa da kuka rufe rumfunanku kuka zo, muna yi muku barka da zuwa. Abin da ya tara mu yau shi ne maganar wani ciwo wanda ya kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum cikin shekarar 2010, nan kudu da mu, inda da yawa daga cikinku su ke zuwa cin kasuwa. Likitoci sun yi bincike mai zurfi a kansa, sun rubuta abin da suka gano da Turanci, an karanta a Amurka da Ingila, amma talakan da aka ɗebi jinin ɗansa da ƙyar ka sami wanda ya zauna ya fassara masa. To, mu za mu fassara muku gwargwadon iko.

Ga yadda abin ya faro. Kuɗin zinariya ya hau ƙwarai a kasuwannin duniya, har oza ɗaya ta wuce dala 1,200 cikin 2010. Manomin da gero ba ya kai shi ƙarshen shekara ya ga dutsen bayan garinsu yana da kuɗi, ya ɗauki diga. Ba mu ga laifinsa ba ko kaɗan. Sai dai dutsen nan na wajen Dareta da Abare da 'Yargalma, zinariyar cikinsa kaɗan ce, dalmar da ke haɗe da ita kuwa mai yawa ce ainun. Maza su haƙo, su kawo gida cikin buhuna. Mata da yara su farfasa, a daka a turmi, a kai injin niƙa, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a kan tabarma da ƙwarya da hatsi da hannun jariri mai rarrafe.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sa'an nan yara suka shiga amai da ciwon ciki da kasala, daga nan sai jijjiga, sai shiɗewa, sai mutuwa. Cikin watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda gidajen rediyo ke kira Na Gari Na Kowa, suna yawon sa ido a kan sanƙarau, suka tarar da sababbin kaburburan yara da yawa. Suka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Suka ba da na sanƙarau, bai yi ba. A nan ne suka dubi injinan niƙa da ke aiki cikin gari, suka ɗebi jinin yara 8 masu ciwon, suka aika da shi Turai a auna.

Yanzu sai ku saurara da kyau, gama lambobin nan su ne tushen maganar. Ana auna dalma cikin jini da wani ma'auni da likitoci ke kira maikiroguram a kowace desilita, watau a cikin jini kimanin rabin kofin shayi. Mu dai mu kira shi lamba. A lokacin, idan lambar yaro ta kai 10 a Amurka hankalin likita ya kan tashi, kuma tun 2021 sun sauko da ita zuwa 3.5. Idan ta kai 45, dole a ba da magani. Yaran nan 8, mafi ƙanƙantar lamba a cikinsu ita ce 168, mafi girma 370.

Cikin watannin Mayu da Yuni na 2010 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta haɗu da ma'aikatan lafiya na ƙasarmu da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani. Sun shiga gidaje 119. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, 118 sun mutu a shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin rayayyu sun auna jinin 204, suka tarar kashi 97 cikin 100 lambarsu ta kai 45 ko ta wuce. Gida biyu cikin kowane uku ana sarrafa dutse a cikinsa. Da suka gwada gidajen da aka yi rashi da waɗanda ba a yi ba, sai ya fito fili cewa hatsarin ya fi yawa ga ƙananan yara, da yaron da uwarsa ke aikin dutse, da gidan da ƙasarsa ta fi ɗaukar dalma. Akwai wuraren da dalmar cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin domin filin wasan yara 400 ce.

Wani zai ce, to ai uban da ke cikin rami shi ya fi kusa da dutsen, don me ɗan ne ke mutuwa? Dalili shi ne yaro duk abin da ya taɓa baki ya ke kai shi, kuma hanjinsa yana zuƙar dalma ninki huɗu ko biyar na babba. Yaro mai yunwa ko mai ƙarancin jini ya fi zuƙa. Ga shi ƙwaƙwalwarsa tana cikin ginuwa. Mace mai ciki ma ba ta tsira ba, domin dalmar da ta taru cikin ƙashinta tana fitowa ta shiga jikin ɗan tayi.

Mu zo ga yadda a ke gane ciwon, nan ne mu ke so mu daɗe kaɗan. Ciwon dalma ba shi da ƙurji, ba shi da wata alama tasa ta kansa. Yana kama da zazzaɓi mai hawa kai, yana kama da sanƙarau, a ƙauye kuwa wasu sai su ce iska ce. Har ma yaro ya kan kasance da zazzaɓin cizon sauro na gaske da dalma lokaci guda, a yi maganin ɗaya a bar ɗaya. Likitocin MSF sun duba bayanan yara 972 waɗanda duk lambarsu ta kai 45 ko ta wuce, suka buga sakamakon cikin 2014. Kimanin tara cikin kowane goma ba a ga wata alamar taɓuwar ƙwaƙwalwa a jikinsu ba sa'ad da aka duba su. Suna wasa, suna cin tuwo, guba na cikin jini. Saboda haka uwar da ta ce ɗana lafiyarsa ƙalau, ba ƙarya ta yi ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Ido dai ba ya ganin dalma, sai awon jini.

Awon kuwa ba wani abu ne mai wuya ba. Akwai wata 'yar na'ura da a ke kira LeadCare II, ana riƙe ta a hannu, ɗigon jini ya ishe ta, ta ba da amsa cikin 'yan mintoci. Amma iyakar abin da ta ke iya karantawa 65 ne. Yaran Anka sun wuce wannan nesa ba kusa ba, har sai da masana suka fito da dabarar surka jinin nasu da jini mai tsabta, sa'an nan a auna, a ninka lissafi. Ku duba fa, na'urar da aka ƙera domin gano guba, gubar 'ya'yanmu ta fi ƙarfinta. Wani abin lura kuma, idan daga yatsa za a ɗebi jini, tilas a wanke hannun yaro sosai da sabulu, in ba haka ba ƙurar fata ta kan ɓata awon. Domin haka kafin a ba da magani a kan sake ɗiba daga jijiya a tabbatar.

Maganin da aka yi aiki da shi sunansa DMSA, wasu su ce sakisima. Ƙwaya ce ta sha, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Aikinta ta kama dalmar da ke yawo cikin jini, ta fitar da ita ta fitsari. Ana sha kwana 19 ko fiye a zagaye guda. Daga Yuni 2010 zuwa Yuni 2011 an ba yara 1,156 wannan magani, zagaye 3,180, aka buga bayanin a mujallar PLoS Medicine cikin 2014. Abin da aka gano shi ne, bisa matsakaici zagaye ɗaya ya kan rage lambar yaro da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Waɗanda aka kwantar a asibiti tasu ta ragu da kusan rabi, kuma duk inda ma'aikaci ya tsaya ya ga yaro ya haɗiye ƙwayar da idonsa, ragin ya fi yawa. Mutuwa ta sauko zuwa kimanin 2 cikin 100 a tsakanin yaran da aka yi wa magani. Wannan babban aiki ne, mun yaba.

Amma ku raba 3,180 da 1,156, za ku ga kusan zagaye uku ke nan ga kowane yaro. Dalili, dalma tana ɓuya cikin ƙashi shekara da shekaru. A share jini yau, gobe ta sake tsattsafowa. In kuma yaro ya koma gidan da ƙurar ta ke, an yi aikin baban giwa.

Ga kuma magana mai ɗaci wadda ba mu da ikon ɓoye muku. A Amurka an yi wani gwaji a kan yara 780 masu lamba tsakanin 20 da 44, aka ba rabinsu wannan magani, rabi aka ba su ƙwaya marar magani, aka bi su shekara uku, aka buga sakamako cikin 2001. Lambar jinin waɗanda suka sha magani ta sauka da sauri, amma da aka gwada basirarsu ba su fi sauran ba ko kusa. Watau maganin yana ceton ran yaron da gubar ta yi wa yawa, amma abin da dalma ta riga ta ci a ƙwaƙwalwa ba ya dawo da shi. A ƙauyukan Anka an sami yaran da suka rayu amma suka makance, ko suka kasa tafiya. Wasu kuwa ba a ganin kome a jikinsu sai sun shiga makaranta karatu ya gagara, malam ya ce daƙiƙai ne.

Wannan ne ya sa likitocin suka tsaya a kan cewa sai an share gari kafin a fara magani a cikinsa. Ƙungiyar Blacksmith da kamfanin TerraGraphics na Amurka, tare da ma'aikatan jiha da mutanen gari, suka kankare ƙasar saman tsakar gidaje kimanin santimita 5, suka binne ta nesa, suka zuba sabuwa. Zuwa 2011 an gama ƙauyuka bakwai. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta tana jira da yara kimanin 1,500. Kuɗin aikin, kimanin dala miliyan 4, sai cikin Janairu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya sake su, bayan ƙungiyar Human Rights Watch da samarin Follow The Money sun yi ta kururuwa. Likita na nan, magani na nan, yara na shan ƙura suna jiran sa hannun Abuja. Cikin 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ya kashe yara 28. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara cikin Afrilu 2019 saboda 'yan bindiga, ta janye hanin cikin Disamba 2024. MSF kuwa ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha cikin 2022. Nauyin yana wuyan gwamnatinmu, dutsen kuma yana nan inda ya ke.

Ba mu ce kowa ya bar sana'arsa ba, gama wanda bai ba ka abinci ba ba ya hana ka nema. An gwada wata dabara a wuraren niƙan dutse na ƙasar nan, ta fesa ruwa kamar raɓa a bakin inji, aka tarar dalmar da ke tashi cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100. Ruwa ne kurum da 'yar famfo. A niƙa dutse nesa da gari, a jiƙe. Mai aiki ya yi wanka ya sauya tufafi a can kafin ya shigo gida ya ɗauki ɗansa.

Ku 'yan kasuwa, akwai naku rabon a cikin maganar nan. Mai injin niƙa, injin da ya taɓa niƙa dutse kada ya sake ganin dawa ko masara. Mai hatsi, buhun da ka saya na hannu daga wajen masu haƙa, ka san abin da ya ɗauko? Kada ka zuba gero a ciki. Haka turmi da taɓarya. Sai kuma kwalli, iyayenmu mata ku yi mana haƙuri. Kwallin dutse mai ƙyalli, asalinsa dutsen dalma ne. Cikin 2011 a birnin Bostan na Amurka an auna jinin wani jariri ɗan wata 6, iyayensa 'yan Nijeriya, aka sami lambarsa 13. Da aka bincika gidan, sai kwallin da aka kawo masa daga gida Nijeriya, aka auna shi, dalma ta fi kashi 80 cikin 100. Jariri ya kan murza ido ya tsotsi yatsa. Mai sayar da kwalli ba mugu ba ne, bai sani ba, amma daga yau a daina sa wa jarirai.

Abin da reshenmu zai yi shi ne, za mu rubuta wa shugabannin ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun takarda, mu tambaye su abu uku a rubuce: wane asibiti ne mafi kusa da mu ke da na'urar awon dalma da kayan aikinta, nawa ne kuɗin awon, kuma ina a ke samun DMSA idan an sami yaro mai lamba 45. Amsar da suka bayar za mu buga ta a wannan shafi yadda ta zo. Kafin nan, duk gidan da wani nasu ke zuwa aikin dutse, idan yaro ya kama amai da kasala ko jijjiga, ko an yi maganin zazzaɓi bai sauka ba, ku gaya wa likita da bakinku cewa ana aikin dutse a gidanmu, ku roƙi a auna dalma. Wanda ba ya iya bayani ya zo ofishin reshe ranar Talata, za mu rubuta masa a takarda ya tafi da ita.